Allon Shago da Jikin Lori: Nazarin Hulɗar Mai Zane da Mai Ba da Aiki a Garuruwan Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

Duk wanda ya taɓa zaga kasuwar dare a Wad Madani ko Hartum ya ga wata kalma a rubuce da haruffan Larabci a saman rumfar mai nama: alif mai hamza, ƙaf, alif, shin, ya. Agashe ke nan. Bahaushe ba ya neman tafinta a kanta, domin daga gashi ta fito, kuma abin da ake sayarwa a ƙarƙashin allon tsire ne, nama yankan fale-fale da aka burgaza cikin ƙuli da yaji aka jera a bakin wuta. Amma da za a miƙa wa almajirin Kano alƙalami a ce ya rubuta kalmar da ajami, ba zai sa ƙaf ba, angai zai sa, don da shi ajamin Hausa yake rubuta sautin "ga". Mutanen Sudan kuwa ƙaf suke furtawa "ga", shi ya sa Gadarif ma da ƙaf ake rubuta ta. Kalmar ta Hausa ce, rubutun na Sudan ne, kuma da wannan shigar ta ci kasuwa har ta zama abincin kowa.

A ganina duk abin da ke gudana tsakanin mai zane da mai ba shi aiki a garuruwan Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu yana cikin wannan ɗan harafi. Abin da manyan kamfanoni suke kashe wa kuɗi don a tsara musu, wato suna da salon rubutu da launi da tambari waɗanda da an gan su an san haja ta wane ce, shi zan riƙa kira fuskar sana'a. A waɗannan garuruwa fuskar sana'a tana jikin allon shago, da ƙofar lori, da bayan raksha, wato adaidaita sahu, da ledar ƙulla kaya, da hatimin ƙungiya. Kafin a zo kan wane launi ya fi kyau, akwai tambayar da mai zane da mai aiki suke fara warwarewa, ko da ba su faɗe ta da baki ba: nawa za a nuna daga Hausancin mai kayan, nawa za a bari a cikin gida?

Mai ba da aikin

Ba za a gane nauyin tambayar ba sai an san wanda ke yin ta. Hanyar aikin hajji ta ƙasa ta daɗe tana ratsa Sudan, daga Barno a bi ta Wadai da Darfur da Kurdufan a tsallaka Nilu har Sawakin, amma babban cincirindo ya biyo bayan yaƙin Burmi ne, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a watan Yuli na 1903. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas. Wajen 1906 suka sauka a Shaih Ɗalha a bakin Shuɗin Nilu, daga baya aka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, kudu da Sinnar, garin Fulani da Hausawa. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, sai buƙatar hannu ta jawo dubban alhazai masu neman guzurin ƙarasa tafiya. Kaɗan suka sami hawasha, wato gonar haya ta hukumar noma. Mafi yawa sun zama 'yan ƙodago da masu noman raba-daidai, suna zaune a gefen magudanan ruwa a matsugunan da ake kira kambo, jam'insu kanabi. Wasu suka bi gaɓar kogi zuwa Sinja da Suki da Rusairis suna su da noman lambu.

Abu biyu daga wannan tarihi suna shiga har cikin shagon mai zane. Na farko shi ne abin da C. Bawa Yamba ya rubuta a littafinsa na 1995 mai suna Permanent Pilgrims, bayan zaman da ya yi a Jazira: ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen alhazai, haifaffun Sudan, suna cewa har yanzu a kan hanyar Makka suke, dattawansu kuma ba sa son gina gidan bulo don kada ginin ya zama shaidar an fasa niyya. Na biyu shi ne doka. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen Burmi sun iso bayan wannan rana da shekaru, balle waɗanda auduga ta kawo. An sassauta dokar daga baya, amma kalmomin Fallata da Takari, da ake kiran waɗannan mutane da su, sun ci gaba da ɗaukar ma'anar baƙo a bakin mutane da yawa.

To, wanda ya shigo wurin mai zane daga irin wannan gida ba farar takarda ba ne. Ya gaji ɗabi'ar kada a kafa abu mai nauyi a ƙasar da ake wucewa, ya kuma gaji sanin cewa bayyana asali yakan jawo ciniki wani lokaci, wani lokaci ya jawo tambayar takardu.

Masu zane iri uku

Mai zane na fari a wannan al'umma malamin allo ne. Shi ke yin zayyana a allon yaron da ya sauke Alƙur'ani, da tawada da jan garura da rawaya, gida-gida, layi a kan layi. Halwowin Sudan, wato makarantun allonsu, suna da irin wannan ado, suna ce masa sharafa. Ibrahim Assalahi, babban mai zanen Sudan wanda mahaifinsa malamin halwa ne a Umdurman, daga nan ya ɗebo abubuwa da dama na salonsa, kuma wani masanin Sudan, Salah Hassan, ya zo har Arewacin Nijeriya ya yi nazarin malamai masu zayyana, ya fitar da littafi a 1992. Malamin allo ba ya rubuta allon shago a yau sai nadiran, amma idon jama'a a wurinsa ya koyi abin da ake kira kyau: a kewaye rubutu da iyaka, a cike gurbi, dama ta yi daidai da hagu.

Na biyu shi ne haɗɗaɗin kasuwa, mai buroshi da gwangwanayen buhiya, kamar yadda 'yan Sudan ke kiran fenti. Shi ke rubuta lafta, wato allon shago, a kan kwano ko katako ko bango. Sana'arsa tana da manyanta. Usman Waƙi'allah, haifaffen Rufa'a a nan Jazira a 1925, ya yi karatun zane a Hartum da Landan da Alƙahira, ya buɗe ɗakin zane na kasuwanci a Hartum a shekarun 1950, kuma haɗɗinsa ya hau takardun kuɗin Sudan na farko bayan samun 'yanci a 1956. Ahmad Shibrain, wanda ya daɗe yana koyar da zanen ɗab'i a kwalejin zane ta Hartum, ya mayar da harafin Larabci abin gina tambari. Haɗɗaɗin da ke kasuwar Sinnar ko Hasahisa bai zauna ajinsu ba, amma ƙa'idar da yake bi tasu ce: ruƙ'a don a karanta da sauri, nasahi don bayani, sulusi don aya da abin girmamawa, diwani don ƙawa.

Na uku shi ne saurayi mai kwamfuta ko babbar waya, wanda yake tsara abu da CorelDRAW ko Photoshop ko Canva, ya tura wa mai aiki ta WhatsApp, a kai Madani a buga a kan bana. Ya fi arha, ya fi sauri, yana iya sa hoton nama mai maiƙo wanda buroshi ba zai iya ba. Rana kuma tana cinye aikinsa tun fentin haɗɗaɗi bai fara dusashewa ba.

Zaman farko

A littattafan koyar da wannan sana'a akan ce mai aiki ya rubuto bayanin abin da yake so. A nan ba a rubutowa, zama ake yi. A ƙaddara dattijo mai agashe ne daga wani ƙauyen bakin kogi, ya sami rumfa kusa da tashar mota, ya zo wurin haɗɗaɗi ɗan unguwarsu wanda ya girme wa nesa ba kusa ba. Za a kira mai shayi, a gaisa a tambayi gida da gona da ruwan bana, Hausa tana shiga Larabci yana fita, irin cuɗanyar da Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Hartum ya bi diddiginta a littafinsa na 1999 kan Hausar Sudan. Sai can dattijon ya ce:

"Malam, lafta nake so, wadda mai saukowa daga mota zai hango."

"To Baba Alhaji, wane suna za a sa?"

"Sa sunana mana. Wa bai san ni ba?"

"Mutanenmu sun san ka, Baba. Direban da ya taso daga Kosti fa?"

Dattijon zai yi shiru ya kurɓi shayi. Wannan shirun shi ne aikin. Mai zanen kirki ba ya cike shi da shawara, yana jira ne ya ji wa dattijon yake so ya tsaya a rumfarsa. Idan 'yan gari ne, allon ado ne kawai, domin sunan da mutum ya yi na tsafta da cika mudu ya riga fenti isa kunnen kowa. Idan matafiya ne, to allon zai yi magana a madadin dillalin da babu.

Nan bambancin yake da abin da ake koyarwa a makarantun kasuwanci. A can ana ɗauka mai zane zai ƙirƙiro wa haja hali. A kasuwar da bashi da amana da sanin gidan su wane suke riƙe da ciniki, halin yana nan tun kafin a kira mai zane, aikinsa ya ɗauke shi daga baki ya sa a ido ba tare da ya zubar da komai a hanya ba. Shi ya sa da ɗan gari akan ci gari: haɗɗaɗin da ya san cewa wannan dattijo Batijjane ne, surukinsa liman ne, kuma rabin masu sayen namansa ba Hausawa ba ne, ya riga ya gama rabin binciken da kamfani zai biya kuɗi a yi masa.

Suna, ɗigo da launi

Sunayen da ake zaɓa sukan faɗa gida uku. Akwai sunan mai kaya ko alkunyarsa irin ta Sudan, Abu wane. Akwai sunayen neman tabarruki, albarka da taufiƙi da Haramaini da Madina, waɗanda kowane Musulmin ƙasar zai iya sa wa shagonsa, kuma suna da daɗi biyu a wurin jikan alhaji: ba su tona asali ba, sun kuma faɗi inda aka nufa tun farko. Sai na uku, sunan da ke nuna gida ƙarara, Kano ko Sakkwato ko wata kalmar Hausa.

Abin lura shi ne irin hajar ce take yanke hukunci fiye da ra'ayin mai ita. A kan agashe, da godogodo, abin shan nan na gero da nono ɗan'uwan fura, da goro, da maganin gargajiya, Hausanci shi ne shaidar inganci. Mai saye yana neman hannun Bahaushe ne, don haka ɓoye shi asara ce. A kan shagon gyaran waya ko sayar da taki ko kemis, asali ba ya ƙara ko sisi, yana iya ragewa ma, sai a koma ga sunan tabarruki. Mai zanen da ya san aikinsa yakan gane wannan rabo tun mai aiki bai gama bayani ba. Akwai kuma misali babba a tarihin ƙasar na yadda laƙabin da ake yi wa kallon raini yake zama tambari: A'isha Musa Ahmad, wadda ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a gidan rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, duniya ba ta san ta da wani suna ba sai A'isha Alfallatiya.

Daga suna sai rubutu, kuma a nan ne ake samun gardamar da baƙo ba zai ma lura da ita ba. Wanda ya yi karatun allo a hannun malamin da ya gaji rubutun Kano ko na Barno ya saba da fa mai ɗigo ɗaya a ƙasa, da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, irin na Magariba da ruwayar Warshu. Makarantar gwamnati da jarida da allon kasuwa a Sudan kuwa tsarin gabas suke bi: fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf ɗigo biyu. Ke nan harafin da tsohon almajiri zai karanta ƙaf, ɗan makarantar gwamnati fa zai karanta shi. Da za a rubuta agashe da ƙaf ɗin allon karatu, mai wucewa "afashe" zai gani. Don haka rubutun gida, mai kauri da kwarjini, wanda da shi aka rubuta Alƙur'anan da kakanni suka ɗauko a gafaka, ba ya iya hawa allon kasuwa yadda yake. Abin da mai dabara zai iya yi shi ne ya ari jikinsa ya bar ɗigonsa: ya kaurara harafi, ya danne shi, ya kewaye allon da iyaka irin ta zayyana, amma ɗigo ya bi na gabas. Ɗan gida zai ga allon ya ji wani abu ya motsa masa, baƙo zai karanta ya wuce ciki ya sayi nama. A duk abin da na sani na wannan sana'a ban ga dabarar da ta fi wannan dacewa da halin mutanen ba.

Matsalar ba ta tsaya a ɗigo ba. Larabcin allon kasuwa ba ya sa wasali, ba shi da "e" da "o", ba shi da ɓa da ɗa da tsa da ca irin na Hausa. Sunan Mai Wurno kansa ya koma Mayirno a rubutu da bakin 'yan ƙasa. Duk sunan Hausa da za a ɗora a allo sai mai zane ya gwada shi a bakin wanda ba ya jin Hausa, ya ji abin da zai fito, don kada suna mai kyau ya koma abin dariya ko abin kunya.

Launi ba ya cin lokaci kamar rubutu, amma yana da nasa tarko. Shuɗi da fari a Sudan na Hilal ne, ja da rawaya na Marih, manyan kulob biyu na ƙwallon ƙafa na Umdurman waɗanda suka raba ƙasar gida biyu, kuma mai shayin da ya yi wa rumfarsa ja da rawaya ya shiga wata jam'iyya ko bai sani ba. Kore yana tafiya da addini da ɗariƙa. Sannan kalmomin kansu suna da santsi: azraƙ a Larabcin littafi shuɗi ne, a bakin ɗan Sudan yana iya nufin baƙi. Mai hankali ba ya karɓar sunan launi da baki, yakan buɗe gwangwani ya shafa a gefen kwano ya ce, "Wannan, Baba?"

Sai hoto. Wani mai aiki ba ya son surar mai rai ko kaɗan, wani zai yarda da rago amma ban da mutum, wani zai ce a zana tsinken nama da wuta kawai. Haka aya da sunan Allah: suna hawa allo da goshin mota, amma ba sa hawa leda ko takardar naɗe nama, domin waɗannan a juji suke ƙarewa. Ƙa'idar da ake koya wa masu zane ta cewa tambari ya zama iri ɗaya a ko'ina ta karye a nan, kuma da hujja. Shagon da sunansa ya ƙunshi sunan Allah yana buƙatar fuska biyu, cikakkiya ta sama da taƙaitacciya ta abin da za a yar. Saurayi mai kwamfuta da ya kwafi tsari daga intanet ya manna a komai yakan sha faɗa a kan wannan, kuma ya cancanci faɗan.

Kafin alƙalami da gyara

A 1986 Steve Jobs ya nemi Paul Rand, shahararren mai zanen tambari na Amurka, ya yi wa kamfaninsa NeXT tambari a kan dala 100,000. Rand ya ƙi kawo samfura da yawa a zaɓa, ya ce guda ɗaya zai kawo, a biya shi ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Ana yawan ba da labarin a matsayin misalin mai zane da ya san darajar kansa. A kasuwar Sinja wannan hali rashin kunya ne. Ana ba da arbun, abin da Bahaushe ya daɗe yana kira kafin alƙalami, sai haɗɗaɗi ya zana samfur da alli a jikin kwanon ko da biro a takarda, mai aiki ya tafi da shi gida. Can ne ake yanke hukunci na gaskiya: malami zai duba ko akwai kuskure a aya ko suna, babban wa zai ce a ƙara "da 'ya'yansa", uwargida, wadda sau da yawa ita ke daka yajin da ake taƙama da shi, za ta ce jan ya yi yawa. Mai aiki mutum ɗaya ne a shago, amma gida guda ne a bayansa.

Wannan yana da illa, kada a ɓoye. Kowa ya ƙara nasa, ba mai ragewa, sai allo ya cika maƙil: suna, aya, jerin kaya, lambar waya biyu, yanzu har da lambar asusun Bankak, manhajar Bankin Hartum da ta zama aljihun mutane tun da takardar kuɗi ta yi wuya. Mai saukowa daga mota, wanda dominsa aka fara maganar, ba ya iya karanta komai. Gwanintar mai zane a nan ita ce iya cewa a'a ba tare da ya furta ta ba. Ba zai ce wa dattijo ra'ayinka bai yi ba. Zai jingina samfurin a bango, ya ja shi zuwa tsallaken titi, ya ce, "Baba, daga nan me kake gani?" Gani ya kori ji. Abin da Rand ya yi da ɗan littafin bayani da ya haɗa wa Jobs, haɗɗaɗi yana yin sa da taku ashirin.

Fuskar da ke tafiya

Idan ana neman inda wannan fasaha ta fi bunƙasa, a bar bango a dubi mota. Mark Duffield, wanda ya zauna a Mai Wurno a shekarun 1970 ya fitar da littafi a kan garin a 1981, ya nuna yadda tuƙin lori da mallakarta suka zama babbar hanyar tara jari a can. Lorin da ta yi suna a Sudan ita ce Bedford ta Ingila, wadda maƙeran ƙasar suka warware suka sake ƙerawa don ta jure yashi da lodi, suka sa mata suna sifinja, wato silifas, saboda laushin tafiyarta. Kurt Beck na Jami'ar Bayreuth ya yi nazarin waɗannan maƙera, Valerie Hänsch kuma ta yi fim a kansu a 2009 inda ta kira motar amaryar ƙarfe.

A kan lori masu ba da aiki biyu ne, kuma ba abu ɗaya suke so ba. Mai mota yana son goshi ya ɗauki basmala ko addu'ar tsari, ƙofa ta ɗauki sunansa da garinsa, don ɗan kasuwar da zai ba da lodin dawa ko riɗi ya san hannun wa ya sa dukiyarsa. Direba da yaransa suna son baya: laƙabin motar, habaici ga abokan hamayya, kukan soyayya, furanni da idanu da tsuntsaye. Mai zane ne yake raba musu jikin motar kamar mai raba gado, gaba na amana, baya na nishaɗi. Ban ɗauki wannan a matsayin dace kawai ba cewa al'ummar da dattawanta suka ƙi bulo ita ce ta rungumi sana'ar da ake zuba ado a kan abin da ke da ƙafa. Yau raksha da karo, keken jaki, sun gaji wannan rabo a ƙaramin jiki.

Bayan 2022

A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a Rusairis da Damazin da kewaye tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan neman a ba Hausawa masarauta a tsarin mulkin gargajiya, abin da ɗaya ɓangaren ya ɗauka neman ƙasa ne. Sama da mutum 100 suka mutu, dubbai suka bar gidajensu, Hausawa suka fito zanga-zanga a Hartum da Kasala da Gadarif da Madani da Bur Sudan. A Oktoba aka sake yi a Wad Almahi, aka rasa sama da 200. Sai yaƙin 15 ga Afrilu 2023: Madani ta faɗa hannun Dakarun Ɗaukin Gaggawa a Disamba 2023, Sinja a tsakiyar 2024, sojoji suka karɓe Sinja a Nuwamba, Madani a Janairu 2025, kuma a wannan watan ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ba da rahoton hare-hare a kan mazauna kanabi a gabashin Jazira.

A irin wannan hali allo ya tashi daga talla ya zama shaida, mai iya ceto, mai iya tona asiri. Matsin ya zo ta fuska biyu masu karo da juna. Mai shago yana da dalilin goge duk abin da zai nuna ko shi wane ne. Matasa masu ƙungiyoyi kuwa, waɗanda suka gaji da a kira su baƙi a ƙasar da aka binne kakannin kakanninsu, suna son alamar da za ta ce ga mu. Wanda ya zo wa mai zane da wannan buƙata abin da ya fi kusa da hannunsa a intanet shi ne dagin Arewa. Sai dai dagi, duk da tsufansa a jikin riga da bangon soro, ya zama tambarin siyasa ne a Jihar Arewa ta zamanin Sardauna, rabin ƙarni bayan mutanen Attahiru sun bar gida. A Kaduna yana cewa mu 'yan ƙasa ne. A Damazin, a idon maƙwabcin da ke cewa ku koma inda kuka fito, yana iya faɗin akasin haka. Mai zanen da ya manna shi don an ce ya manna bai yi wa mai aikinsa adalci ba. Haƙƙinsa ne ya tambaya: wa zai ga wannan hatimi, jami'in gwamnati ko 'yan'uwa a Facebook? Kayan da za a gina alama da su suna nan a ƙasar: kogin, da kwalekwalen masunci, da auduga, da allo mai zayyana wanda Bahaushe da Bafunje da Balarabe duk sun riƙe irinsa suna yara.

Akwai kuma batun mallaka. Sudan tana da dokar rajistar alamun kasuwanci tun 1969, amma kafin yaƙi rajista a Hartum ake yin ta, da lauya da kuɗi, kuma mai rumfa a kambo bai taɓa zama wanda aka yi dokar dominsa ba. Abin da ke tsare masa suna shi ne kunya da dattawan kasuwa. Wannan yana aiki muddin kowa ya san kowa. Da yaƙi ya watsa mutane zuwa Gadarif da Kasala da Bur Sudan, sai ga amfanin fuskar sana'a ya fito fili: wanda yake da suna da launi da salon rubutu tsayayyu, kuma samfurin yana cikin wayarsa, zai iya kafa rumfa a sabon gari tsofaffin abokan ciniki su gane shi daga nesa. Wanda allonsa kawai ya dogara da shi, ya bar shi a bango. A wannan gaɓa saurayi mai kwamfuta ya yi wa haɗɗaɗi fintinkau, kuma ya kamata duk mai ba da aiki ya riƙa karɓar asalin fayil ɗin tare da banar, ya sa shi cikin ciniki tun ranar kafin alƙalami.

Masana sun rubuta tarihin hijirar, sun rubuta noman, sun rubuta harshen. Allunan kasuwannin Sinnar da Suki da Managil, da ƙofofin tsofaffin lorin Mai Wurno, fenti ne a kan kwano, kuma masu komawa gida yanzu sabon fenti suke shafawa a kan tsohon. Kira nake ga sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello, da Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya ta Jami'ar Hartum, da duk wani ɗan Jazira ko Shuɗin Nilu mai waya a aljihu: kafin a shafe allo a ɗauki hotonsa, a rubuta garin da shekarar, a tambayi mai shagon wa ya rubuta masa, da abin da suka yi gardama a kai.